Hazon Hunturu A Kudancin Kaduna: Abin Da Taurarin Ɗan'adam Ke Gani Da Abin Da Ke Ɓuya Musu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, direban da ya yi lodi a Sabon Tasha da sassafe ya kama hanyar Kachia zuwa Kafanchan yakan bar fitilar motarsa a kunne har bayan gari ya waye. Rana takan fito fara fat kamar tasa, mutum ya dube ta ido da ido ba tare da ta kashe masa gani ba. Duwatsun Kagoro da ake hangowa tun daga nesa da damina sukan ɓace sai an zo daf da su. Leɓɓa su tsattsage, yara su kwana suna tari, masu shaguna su kakkaɓe kaya da safe, kafin azahar ƙura ta sake lulluɓe su.

Jama'a suna kiran wannan yanayi da suna guda, wato hazo. Sai dai binciken da aka shafe shekaru fiye da 20 ana yi da taurarin ɗan'adam ya nuna cewa hazon wannan sashe na Afirka ta Yamma, har da kudancin Jihar Kaduna, gauraye ne na abubuwa uku masu asali daban-daban: ƙurar da iska ta kwaso daga hamada, da hayaƙin dajin da aka cinna wa wuta, da hayaƙin da garuruwa ke fitarwa da kansu. Bambance su yana da muhimmanci. Ƙurar hamada babu mai iya hana ta zuwa, iyakaci a san ranar isowarta a shirya mata, alhali sauran biyun aikin hannun mutane ne. Taurarin suna ganin ƙura da wutar daji sarai. Hayaƙin gari kuwa, wanda ya fi kusa da hancin mazaunin Sabon Tasha, shi ne ya fi ɓuya musu.

Daga Bodele zuwa Kaduna

A arewacin ƙasar Chadi, kudu maso yamma da garin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Dubban shekaru da suka wuce nan ne wuri mafi zurfi a cikin wani ƙaton tafki wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Da ruwan ya janye, sai ya bar shimfiɗar farar laka ta ɓawon ƙananan halittun ruwa, marar nauyi, mai saurin marmashewa kamar alli. Daga arewa da gabashin kwarin akwai duwatsun Tibesti da na Ennedi. Iskar arewa maso gabas tana matsewa a tsakaninsu kamar ruwa a mazurari, ta fito da ƙarfi ta afka wa wannan laka. Masana sun ƙiyasta cewa ƙura tana tashi a Bodele kimanin kwana 100 a shekara, mafi yawa da hunturu, kuma galibi da hantsi, lokacin da zafin rana ya sauko da guguwar da ta kwana a sama zuwa doron ƙasa. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Yankin Bilma da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar su ma suna ba da nasu kaso.

Abin da ke buɗe wa wannan ƙura hanya zuwa Najeriya shi ne sauyin iska. A Afirka ta Yamma iska biyu ke ja-in-ja duk shekara: busasshiyar iskar hamada da iskar teku mai laima. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa da damina har ya wuce Agadas, sannan ya sauko kusa da gaɓar teku a watan Janairu. Da zarar ya wuce Kaduna da Kafanchan ya yi kudu, yankin ya shiga hannun iskar hamada ke nan. Tsakanin Bodele da Kaduna akwai nisan da ya haura kilomita 1,200, kuma ƙurar takan ci wannan tafiya cikin kwana ɗaya zuwa uku, gwargwadon ƙarfin iska. A hanya manyan ƙwayoyin suna zubewa, sai masu laushi su ƙaraso. Shi ya sa mutumin Maiduguri ko Nguru yakan ji yashi a haƙoransa, na Kafanchan kuwa farin gari yake gani a kan ganye da rufin kwano.

Wannan rata ta kwana ɗaya zuwa uku ita ce babbar ribar kallo daga sama. Taurarin Meteosat na ƙungiyar ƙasashen Turai mai kula da taurarin yanayi suna nisan kilomita kusan 36,000, a saman tekun da ke kudu da Ghana, suna zagayawa da saurin da duniya take juyawa, don haka kullum Afirka suke fuskanta. Jerin da aka fara harbawa a 2002 yana ɗaukar hoto kowane minti 15, sabon jerin da aka fara a Disamba 2022 kuma kowane minti 10. Ba hasken rana kaɗai suke dogaro da shi ba, suna auna zafin da ƙasa da iska ke fitarwa, saboda haka dare ba ya hana su aiki. Ƙwararru sun tsara wata hanyar haɗa launuka wadda ke fito da ƙura ruwan hoda a kan allo. Mai hasashen yanayi a Abuja yana iya ganin gajimaren ruwan hoda ya tashi daga Bodele da hantsin Litinin, ya bi shi sa'a bayan sa'a yana ratsa Tafkin Chadi, kafin kowa a Kaduna ya lura da canji a sararin sama.

Da irin wannan hoto, tare da rahotannin tashoshin ƙasa, Hukumar Kula da Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitar da gargaɗin da ake ji a rediyo, inda takan ambaci cewa ƙura ta tashi a Faya ko Bilma, kuma ana sa ran nisan gani zai ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka a jihohin Arewa. Kamfanonin jiragen sama su ne suka fi sauraren wannan sanarwa, domin soke tashi ko jinkirta sauka a filayen Kaduna da Kano abu ne da ke faruwa kusan kowane hunturu. A matakin duniya kuma, Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa tsarin gargaɗin guguwar yashi da ƙura a 2007, kuma cibiyarsa ta birnin Basalona a Sifaniya tana wallafa hasashen kwana uku na arewacin Afirka kyauta a intanet. Tun 2018 cibiyar take fitar wa Burkina Faso taswirar gargaɗi mai launuka, yanki bayan yanki, yadda jami'in lafiya zai gane ta da kallo ɗaya.

Akwai shekarun da ƙura ta zo a makare kuma da ƙarfi. A farkon Maris 2004 Meteosat ya ɗauki hoton wani bangon ƙura mai tsawon dubban kilomita da ya ratsa Afirka ta Yamma ya fantsama cikin Tekun Atilantika. A Maris 2010 kuma hazo mai kauri ya rufe Najeriya har Legas bayan mutane sun ɗauka hunturu ya wuce, sai saƙonnin waya suka bazu cewa ruwan sama mai guba na tafe. Hotunan sama sun nuna asalin abin a fili: ƙurar hamada ce.

Yadda ake auna kaurin hazo

Hoto yana nuna inda hazo yake, amma ana buƙatar lamba kafin a kwatanta jiya da yau ko bara da bana. Mafi yawan lambobin da ake amfani da su sun fito daga na'urar MODIS da ke kan taurari biyu na hukumar NASA ta Amurka: Terra, wanda aka harba a Disamba 1999, da Aqua a Mayu 2002. An ɗora su a nisan kilomita 705, suna bi ta saman ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, kowane wucewa yana share faɗin kilomita 2,330. A mafi yawan shekarun aikinsu Terra yana wucewa da misalin ƙarfe 10:30 na safe, Aqua kuma da misalin 1:30 na rana. Dukansu sun tsufa, kuma na'urar VIIRS da aka fara harbawa a Oktoba 2011 ita ce magajiyarsu.

Abin da suke aunawa shi ne yawan hasken rana da ƙwayoyin da ke cikin iska suka tare ko suka warwatsa. Idan lambar tana ƙasa da 0.1, sama tas take. Idan ta kai 1, to kashi 37 cikin 100 ne kawai na hasken rana mai saukowa kai tsaye daga tsakar ka yake isowa ƙasa ba tare da an karkatar da shi ba. A tsakiyar hunturu wannan lamba takan haura 1 a Najeriya, wani lokaci ta ninka. Da farko aikin ya yi wuya a kan hamada, domin farar ƙura a saman farar ƙasa ba ta fita. Daga baya aka lura cewa yashi yana yin duhu idan aka dube shi ta shuɗin haske kaɗai, aka gina lissafin a kan haka.

Launi ne kuma ke raba ƙura da hayaƙi. Ƙwayoyin hayaƙi ƙanana ne ƙwarai, suna warwatsa shuɗin haske fiye da ja, shi ya sa hayaƙin daji yake yin shuɗi-shuɗi idan aka hange shi daga nesa. Ƙwayoyin ƙura sun fi girma, kusan daidai suke yi wa kowane launi. Na'ura mai duba launuka da yawa a lokaci guda tana iya faɗin wanne ya rinjaya. Don tabbatar da cewa lissafin bai kauce ba, akwai na'urori a ƙasa masu kallon rana kai tsaye. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a Afirka ta Yamma tana Jami'ar Ilorin tun ƙarshen shekarun 1990, wata kuma tana Banizumbu, gabas da Yamai. Bayanan Ilorin sun nuna a kai a kai cewa hazon Disamba da Janairu cakuɗe ne na ƙura da hayaƙi, na Fabrairu da Maris kuwa ƙura ta fi yawa.

Wutar daji

A nan ne kudancin Kaduna ya bambanta da Kano ko Katsina. Ruwan sama ya fi yawa a Kachia da Zonkwa da Kagoro da Kafanchan, ciyawa irin su gamba takan fi tsayin mutum, kuma da iskar hamada ta busa ta na 'yan makonni sai ta koma kamar audugar da ke jiran ashana. Mafarauta suna sa wuta don su koro gafiya da zomo. Manoma suna sa ta don share saura ko ƙone karan da ya rage. Makiyaya suna sa ta don sabon toho ya fito. Wata wutar kuma guntun taba ne aka yar a bakin hanya. Ga kuma masu haƙa ramin gawayi, waɗanda buhunansu ke jere a gefen titi suna jiran motocin Kaduna da Abuja.

Daga sama wuta ta fi komai saukin ganewa, saboda tana fitar da wani nau'in zafi da busasshiyar ƙasa ba ta fitarwa ko da rana ta take. MODIS yana gano ta a cikin fili mai faɗin kilomita ɗaya, VIIRS kuma a cikin mita 375. Shafin FIRMS na NASA yana ɗora kowace wuta a taswira da jan ɗigo cikin kimanin sa'a uku da wucewar tauraro. Wanda ya buɗe taswirar a watan Disamba zai ga wata jar ɗamara ta ratsa Afirka daga Gini zuwa Sudan ta Kudu, ta bi ta tsakiyar Najeriya. A watan Yuli ɗamarar takan koma kudu da Ikweta, ta sauka a Angola da Zambiya da kudancin Kongo. Ƙididdigar taurari ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara yana nahiyar Afirka.

Ko wannan adadi ma bai kama komai ba. Wutar manomi a gonar kadada ɗaya takan ci ta mutu cikin sa'a guda, tsakanin wucewar tauraro da na gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya yi amfani da taurarin Sentinel-2 na Turai masu ganin fili mai faɗin mita 20, ya gano cewa filin da ya ƙone a Afirka kudu da Sahara a 2016 ya fi abin da MODIS ya ƙirga da kashi 80 cikin 100. Ƙananan wuta ne suka cike gurbin, wato irin waɗanda aka saba gani daga tagar mota tsakanin Kachia da Kwoi.

Wani abin lura shi ne yadda hayaƙi da ƙura suke jeruwa a sama. A Janairu da Fabrairu 2006 masu bincike sun yi ta shawagi da jirgin awo daga Yamai, suka tarar cewa ƙura tana kwance a ƙasa-ƙasa, cikin kilomita biyun farko, hayaƙin daji kuma yana bisa kanta. Dalili shi ne iskar hamada mai sanyi tana kutsawa ta ƙarƙashin iska mai ɗumi ta yankin da ake ƙone-ƙone, ta ɗaga ta. Tauraron CALIPSO, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023 yana harba hasken leza ƙasa yana auna abin da ya dawo, ya tabbatar da irin wannan jeri. Shi ne kuma ya ba da damar ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura suna barin gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, kimanin tan miliyan 27.7 kuma suna sauka a dajin Amazon, suna kai masa takin da ruwa ke wanke masa. Gonakin Arewacin Najeriya ma suna samun rabonsu na wannan taki, kuma manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko da wannan busasshiyar iska suke shanya amfaninsu bayan sun tsattsaga shi.

Dokar hana ƙone daji tana nan. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli tana da ƙa'idar 2011 a kan wutar daji da ƙone-ƙone a fili. Taswirar jan ɗigo za ta iya nuna wa hukuma gundumar da wuta ta fi yawa da makon da ta fi tsananta. Amma ɗigon ba ya faɗin wanda ya ƙyasta ashana, ba ya kuma bambance wutar farauta da ta sharar gona da wadda mahara suka sa. A yankin da zargi tsakanin manoma da makiyaya ya sha jawo asarar rayuka, wannan iyaka ce da ya kamata duk mai yaɗa irin wannan taswira ya sani.

Hayaƙin gari

Sabon Tasha tana Ƙaramar Hukumar Chikun, a bakin hanyar da ta fita daga Kaduna zuwa kudancin jihar. Gaba kaɗan a kan hanyar Kachia akwai matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, wadda ta shafe shekaru masu yawa ba ta aiki. Daga yamma akwai Kakuri, inda masaƙun da suka raya birnin tun 1957 suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Manyan bututun hayaƙi sun yi shiru ke nan, amma ƙanana sun yawaita: manyan motoci masu shan gas, da a-daidaita-sahu da babura, da janareta a ƙofar kusan kowane shago, da murhun itace da gawayi, da juji da ake cinna wa wuta da leda da roba a ciki, da tayoyin da ake babbaka da su a mayanka.

Na'urar da ta fi dacewa da irin wannan gurɓata ita ce TROPOMI, a kan tauraron Sentinel-5P na Turai da aka harba ranar 13 ga Oktoba 2017. Ita tana rarrabe hasken rana dalla-dalla, ta gano sawun da kowace iska ta bari a cikinsa: naitirojin dayoksaid daga injina, da kabon monoksaid daga wutar da ba ta ci sosai ba, da iskar farar wuta daga matatu da masana'antu. A taswirarta Legas tana fita ƙarara, manyan biranen Arewa ma ana iya tsinkayo su idan aka tara awon watanni. Akwai kuma hanyar gano harshen wutar gas da dare ta na'urar VIIRS, wadda hukumar NOSDRA take amfani da ita wajen bin diddigin gas ɗin da kamfanoni ke ƙonawa a yankin Neja Dalta.

Amma a nan gazawar kallo daga sama take fara bayyana. Ɗigo guda na hoton TROPOMI yana ɗaukar fili mai tsawon kilomita 5.5 da faɗin 3.5, saboda haka yana iya haɗe tashar mota da kasuwa da gidaje da gonakin bayan gari ya ba su lamba ɗaya. Yana wucewa sau ɗaya, da misalin 1:30 na rana, lokacin da zafi ya motsa iska ya watsa hayaƙi sama. Sa'o'in da suka fi muni kuwa su ne na magariba zuwa safiya. A daren hunturu ƙasa tana saurin yin sanyi, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya, sai hayaƙin girki da na janareta da na masu jin ɗumi ya rasa mafita ya tsaya daidai tsayin mutum. Wanda ya taɓa ratsa Sabon Tasha da asuba a watan Janairu ya san wannan shuɗin labule da ke rataye a kan titi.

Babbar matsalar ita ce tauraro yana auna dukkan iskar da ke tsakaninsa da ƙasa a dunƙule. Kamar mai leƙa rijiya ne: ya ga ruwa ya gurɓace, amma bai san ko lakar tana sama ko tana can ƙasa ba. Ranar da hayaƙin daji ya bi ta saman Kafanchan a nisan kilomita uku, lambar takan hau alhali mutane suna shaƙar iska mai dama-dama. Wata ranar lambar ta sauka, amma matar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha tana cikin hayaƙi tsamo-tsamo. Rufin ɗaki kuwa babu tauraron da ke ratsa shi, kuma a cikin madafi ne mata da ƙananan yara suke shaƙar mafi yawan hayaƙinsu.

Abin da ke shiga huhu

Likitoci suna kasa ƙwayoyin iska bisa girmansu. Waɗanda ake kira PM10 suna tsayawa a hanci da maƙogwaro da manyan hanyoyin numfashi. Waɗanda ake kira PM2.5 sun fi gashin kai siranta sau kusan 30, suna kaiwa can cikin huhu, wasu har cikin jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska, na PM10 kuma 15. A jerin biranen da hukumar ta fitar a 2016, Kaduna ta zo ta biyar a duniya wajen yawan PM10 da maikirogiram 423, bayan Anacha da ta zo ta ɗaya da 594. Alƙaluman biranen Najeriya a wancan jeri sun fito ne daga ma'aunai ƙalilan, don haka matsayin na biyar ko na goma ba shi ne abin riƙewa ba. Abin riƙewa shi ne tazarar da ke tsakanin 423 da iyakar 20 da hukumar take amfani da ita a lokacin.

An daɗe ana ɗaukar ƙurar hamada a matsayin abin da bai wuce mura da kaikayin ido ba. Wani bincike na masana Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2020 ya girgiza wannan zato. Sun haɗa bayanan haihuwa kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe 30 na Afirka da awon taurari na ƙurar Bodele, suka gano cewa ƙarin maikirogiram 10 a matsakaicin PM2.5 na shekara yana ƙara mutuwar jarirai da kimanin kashi 24 cikin 100. Ba don taurari ba da wannan bincike bai yiwu ba, domin yawancin ƙauyukan da aka haifi yaran ba su taɓa ganin ma'aunin iska ba.

Akwai kuma sanƙarau. Arewacin Najeriya yana cikin ɗamarar ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha inda cutar ke ɓarkewa da rani ta lafa da saukar ruwa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, amma busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro su sauƙaƙa mata shiga. Nazarin da aka yi a Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa yanayin iska da ƙura a farkon rani yana taimakawa wajen hasashen tsananin cutar a watannin da ke biye, abin da ke da amfani ga masu tsara rigakafi. Masu asma da tsofaffi masu ciwon zuciya su ma gargaɗin kwana biyu yana ba su damar tanadar magani da takunkumi, da rage fita da sassafe.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniya, NASRDA, a 1999. Ta harba NigeriaSat-1 a Satumba 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agusta 2011, duka daga Rasha. An ƙera su don ɗaukar hoton doron ƙasa, kamar gonaki da ambaliya da faɗaɗar birane, ba don auna sinadaran iska ba. Saboda haka bayanan hazo daga taurarin Amurka da Turai suke zuwa, kuma kyauta ne. Ɗalibi a harabar Jami'ar Jihar Kaduna ta Kafanchan, in yana da waya da data, zai iya buɗe shafin Worldview na NASA ya ga hoton garinsu na yau, ya koma baya rana bayan rana har shekara ta 2000. Cibiyar NASRDA ta Jos tana aikin sarrafa hotunan taurari, ta Anyigba a Jihar Kogi kuma tana nazarin iskar sama.

Wasu nahiyoyi sun riga sun magance matsalar wucewa sau ɗaya a rana. Koriya ta Kudu ta harba na'urar GEMS a 2020, Amurka ta harba TEMPO a 2023, Turai kuma Sentinel-4 a 2025. Dukansu a tsaye suke a kan yankinsu, suna auna gurɓatar iska kowace sa'a muddin akwai hasken rana. Na Turai yana hango gefen arewacin Afirka, amma bai kawo Najeriya ba.

Giɓin da ya fi sauƙin cikewa yana ƙasa. Duk lissafin da ke mayar da awon tauraro zuwa abin da mutum ke shaƙa yana buƙatar ma'auni a tsayin mutum da za a gwada shi da shi, kuma irin waɗannan ma'aunai ƙalilan ne a Afirka ta Yamma idan aka kwatanta da Turai ko Indiya. Na ƙwarai suna da tsada, suna son lantarki marar yankewa da ƙwararren mai kula. Akwai ƙananan na'urori masu araha, wasu masu aiki da hasken rana, waɗanda jami'o'i da ƙungiyoyi suka fara kafawa a biranen Najeriya. Suna kama hayaƙi da kyau, amma an gano cewa suna raina manyan ƙwayoyin ƙura, don haka a garin da hunturu ke kaɗawa sai an daidaita su da babban ma'auni kafin a yarda da lambarsu. Aikin kula da ingancin iska a jihar yana hannun Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, KEPA, tare da NESREA.

A Kafanchan ruwan farko yakan sauka tun watan Afrilu, kafin ya kai Kaduna da Zariya. Yana wanke ƙura, ya kashe wutar daji, duwatsun Kagoro su sake bayyana. Daga lokacin kuma gajimare yake rufe wa taurarin ido, har a yi kwanaki a jere taswirar kaurin hazo ta yankin ba ta da lamba ko ɗaya. Janareta da murhu da juji suna ci gaba da hayaƙinsu a ƙarƙashin gajimaren har zuwa Oktoba.